Kawunan Inji a Cikin Bargo

Shekara goma sha huɗu Lyle Kuchel ya yi da magana guda a ransa, cewa ɗansa Darryl ya raina aikin hannunsa. Bai taɓa faɗa wa Darryl ba. Sai da Darryl ya shekara uku a kabari, sai da likita ya gaya wa shi Lyle ɗin cewa huhunsa ba zai kai shi Kirsimeti ba, sannan ya furta. Ga 'yarsa Raelene ya furta, wata Talata da hantsi, tana zuba masa shayi a baranda.

"Kawunan nan da na goge masa suna nan?"

"Suna gareji, Baba. A cikin bargo, yadda ya bar su."

"To ki ɗora su a motarsa. Ina son in ji ƙararta kafin ku kai ni. Tunda shi ya gwammace mota ta ruɓe da ya sa aikina a jikinta, ke ki sa."

Raelene ta ajiye butar shayin. Ta so ta ce ba haka Darryl yake ba, amma ba ta da abin da za ta kafa hujja da shi, don ita ma abin ya daɗe yana ɗaure mata kai. Ta dubi tsohon, robar iska a hancinsa, tukunyar iskar a gefen kujera, hannayensa da suka saba murɗa noti yanzu ko kofi sai da biyu. Tausayi ya kama ta, haushi kuma ya biyo baya. Mutum yana bakin kabari, amma riƙo bai sake shi ba!

Duk wanda ya taɓa neman gudu a mota daga Port Pirie har Whyalla ya san Lyle. Injin mai fistin takwas kawuna biyu gare shi, ɗaya kowane gefe. Kan inji murfin ƙarfe ne mai nauyi da ke rufe fistin huɗu, ta ƙofofinsa iska da fetur ke shiga, ta wasu kuma hayaƙi ke fita. Aikin Lyle shi ne ya zauna da ɗan injin guga ya bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, ya faɗaɗa, ya sulɓe, har injin ya riƙa numfashi da kyau. A wannan fanni babu na biyunsa, kuma ya san haka, abin da ya lalata shi ke nan. Ba a gaya masa ya yi kuskure. Darryl ya gwada sau ɗaya, yana ɗan shekara goma sha tara, a gaban mai mota. Shekara biyu suka yi suna cin abinci a tebur ɗaya Lyle bai ce masa ko miƙo gishiri ba.

Darryl ya bar garejin uban ya tafi aikin haƙar ma'adinai a arewa, mako biyu can, mako ɗaya gida. Da kuɗinsa na farko masu kauri ya sayi jar mota Holden ta 1990, mai injekta, wato na'urar da ke fesa fetur cikin inji bisa umarnin kwamfuta. Lyle mutumin kafireta ne, tsohuwar hanyar haɗa fetur da iska. Mota mai injekta ko bonet ɗinta ba ya ɗagawa, daga bakin ƙofa yake kora ta, wai shi ba ya gyara motar da sai ta nemi izinin kwamfuta kafin ta sha mai. Haka ya yi ta yi har ya rufe garejin.

Sai wata bazara motar Darryl ta yi zafi a hanyar Port Augusta, kawunan biyu suka tsage. A ɓoye Lyle ya nemo kawuna biyu na injin Holden irin wanda ya sani tun yana saurayi, ya yi wata huɗu a kansu. Ranar da ya gama ya naɗe su a bargo ya kai gidan Darryl, ya dire a ƙofa ya ce, "Ga shi nan." Wannan shi ne ban-haƙurinsa, bai iya wani ba. Darryl ya buɗe bargon, ya daɗe yana kallo, ya ce ya gode. Daga nan motar ba ta sake tashi ba. Duk lokacin da aka tambaya sai ya ce babu lokaci. Shekara goma sha ɗaya yana cewa babu lokaci, har zuciyarsa ta tsaya a wurin aiki yana da arba'in da shida.

A gidan Darryl ɗin Raelene take zaune yanzu. Makanikiyar taraktoci ce, dizal ta sani, ba ta cika shiga harkar motocin gudu ba, kuma tun rasuwar ba ta buɗe garejin ba sai don ɗauko injin yanke ciyawa. Ranar Asabar da safe ta kira Mauro Salvemini, aminin Darryl tun firamare, mai shagon gyaran inji a bakin tashar jiragen ruwa. Ya zo da burodin nama guda biyu a takarda, tumbinsa a gaba.

"Uwar taraktoci! Yau kuma an waiwayi motocin mutane?"

"Ka ajiye abincin ka kama min ƙarfe, Mauro. Ko tumbin ba zai bari ka sunkuya ba?"

"Wannan tumbin jari ne, shekara talatin ina tara shi. Me za mu ɗaga?"

Ta nuna masa bargon. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, amma ba ta kula ba a lokacin.

Kawunan suna nan kamar jiya aka gama su. An shafe su da mai, an toshe kowace ƙofa da tsumma mai tsabta, babu ɗigon tsatsa. Raelene ta zura yatsa a ƙofa ɗaya, ta ji santsi, sai ƙwalla ta taru mata. Wanda ya raina abu ba ya shafa masa mai haka. Suka kinkimi na farko suka ɗora a jikin injin, ya zauna daram. Notuna suka shiga ramukansu ba gardama. Na biyun ma haka.

"To ina matsalar?" ta ce. "Aikin yini guda ne wannan. Me ya hana shi?"

Mauro ya koma gefe yana cin burodinsa.

Saura manifol, wato ƙarfen da ke zama tsakanin kawunan biyu yana raba musu iska, wanda injektoci takwas ke jikinsa. Lyle yana da doka a garejinsa, ya dasa ta a kan 'ya'yansa da tsawa tun suna ƙanana: kafin a haɗa ƙarfe biyu, a fara ɗora gaskit, wato takardar da ake sawa tsakaninsu, a fuskar kowanne a ga ko ramuka sun yi daidai. Hannun Raelene da kansa ya ɗauko tsohon gaskit ɗin manifol ɗin daga kan benci. Ta ɗora shi a gefen kan injin.

Ramukan gaskit huɗu ne a jere, kowane da ratarsa daidai da na kusa. Ƙofofin kan kuwa bibbiyu suke, biyu manne a nan, biyu manne a can. Ta juya gaskit ɗin. Ta kifa shi. Ta kai shi ɗaya gefen. Ko ta yaya ta ɗora, rami yana kallon ƙarfe, ƙofa tana kallon takarda.

"Na tsohon yayi ne," Mauro ya ce daga bayanta, murya ƙasa-ƙasa. "Gindin injin ɗaya ne, shi ya sa notuna ke shiga. Amma da suka koma injekta sai suka sauya jerin ƙofofin. Manifol ɗinki ba zai hau ba, bututun hayaƙi ba za su hau ba, sandar da ke buɗe bawul ɗin ƙofofin ma ba ta bin wannan jeri. Tsoho ya goge kawunan da ba na motar ba."

Ta juyo ta dube shi. "Ka sani."

"Tun ranar da aka kawo su. Darryl yana buɗe bargon ya gane. Da yamma ya zo shagona, ya zauna a kan durom, ya ce, Mauro, wata huɗu tsohon nan ya yi. Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, har ke."

"Shekara goma sha huɗu! Kana kallon Baba yana cin ransa!"

"Ke za ki iya gaya wa Lyle Kuchel ya ɗauko kan da ba shi ba? Ni dai ina da iyali." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ya goge hannunsa a wando ya sunkuya ƙarƙashin benci da nishi, ya jawo wani akwatin katako. "Tunda kin gani, ga sauran."

A cikin akwatin akwai sandar bawul ta tsohon yayi, sabuwa fil a takardarta. Akwai bututun hayaƙi na tsohon yayi. A ƙasa kuma, naɗe da rigar aiki ta Darryl, akwai tsohon manifol na kafireta. An huda shi wuri takwas. A shida daga cikin hudojin an yi waldar ɗan gurbin da injekta zai zauna. Biyu suna nan a buɗe.

"Da wani ne," in ji Mauro, "sai ya sayi kawunan da suka dace ya wuce wurin. Na ce masa ina da su, ya zo ya ɗauka kyauta. Ya ce a'a. Tunda kawunan Baba ba za su bi injin ba, injin ne zai bi kawunan Baba. Na ce to kawo in yi maka waldar, aikin sati ne. Ya ce babu hannun da zai taɓa sai nasa. Mutumin da bai iya waldar alminiyom ba! Manifol biyu ya ƙona kafin wannan. In ya dawo daga arewa a gajiye sai ya yi gurbi ɗaya, ya ga bai yi ba, ya kankare ya sake. Wani lokaci shekara ta wuce bai taɓa ba, don tsoron kada tsoho ya gani ya ce waldar banza ce."

Raelene ta zauna a kan taya da manifol ɗin a cinyarta. Kewar ɗan'uwanta ta taso mata yadda ba ta taɓa ji ba ko ranar jana'iza. Ta yi kuka sosai, Mauro ya fita waje ya tsaya yana kallon igiyar shanya har ta gama.

Da ya dawo sai ya ce, "Ga shawara. Kawunan da suka dace suna nan a shagona har yanzu. Mu fesa musu fenti irin wannan, mu rufe. Tsoho ba zai iya sunkuyawa cikin bonet ba. Asabar mai zuwa mu kai motar ƙofar gidansa, ki taka mai, unguwa ta girgiza. Ya ji daɗi, ya tafi da girmansa. Wa aka cuta?"

Har ta ɗaga kai za ta ce to. Shawarar tana da daɗi, kuma Mauro da zuciya ɗaya ya kawo ta. Ta hango fuskar uban yana jin ƙarar, ta hango shi yana gyaɗa kai. Sai kuma ta ji abin da zai faɗa bayan gyaɗa kan, kamar yana tsaye a garejin: kin gani ko, sati ɗaya kika yi, shi kuwa shekara goma sha ɗaya.

"Darryl aka cuta," ta ce. "In motar ta tashi cikin sauƙi, to Baba ya tabbatar ke nan da gangan aka ƙi aikinsa. Da wannan zai mutu."

"In kin gaya masa kuma, zai mutu da sanin ya yi kuskuren da ɗan koyo ba zai yi ba. A aikin da ya fi alfahari da shi duk rayuwarsa. Kin san halinsa, yana iya juya miki baya har ya cika."

Ta sani. Tsoro take ji ƙwarai, ba ta ɓoye wa kanta ba. Makonni ne suka rage, in ya yi mata irin shirun da ya yi wa Darryl, babu shekara biyun da za a jira ya huce. Duk da haka ta miƙe ta ɗauko sifana.

"Kama min mu sauke na hagun."

Lahadi bayan cin abincin rana ta shimfiɗa tsohuwar jarida a teburin kicin ɗin uban. Ta shigo da kan injin tana nishi ta dire. Lyle yana zaune a kujerarsa, rediyo na ba da labarin wasan kurket. Ya miƙa hannu ya kashe. Idonsa ya yi haske da ganin ƙarfen, ya zura babban yatsa cikin ƙofa ɗaya yana shafawa.

"Ki ji nan. Yanzu wa ke irin wannan? Duk sun koma danna kwamfuta." Ya yi tari ya huta. "Me ya sa kika kawo shi nan maimakon ki ɗaura?"

Ta ciro gaskit ɗin daga jaka ta miƙa masa.

"Ɗora, Baba."

Ya harare ta, amma ya karɓa. Ya ɗora. Ya duba. Ya juya shi. Ya kifa shi, kamar dai yadda ta yi jiya.

"Kin kwaso gaskit ɗin da ba shi ba."

"Daga jikin motar ya fito."

"To wani sakarai ya sauya manifol."

"Da shi aka ƙera ta. Masu injekta duk haka ƙofofinsu suke, a jere. Kai ba ka taɓa buɗe ɗaya ba."

Wuyansa ya yi ja. Ta san wannan jan, tun tana yarinya in ta gan shi take neman ƙofa. Yau ba ta motsa ba. Ya sake ɗora gaskit ɗin, ya danna shi da yatsu kamar zai tilasta wa ramukan su matsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya janye hannunsa ya ajiye a cinya, bai dube ta ba.

"Ya sani?"

"Yana buɗe bargon ya gane."

"Me ya hana shi buɗe baki ya faɗa? Shekara goma sha ɗaya yana min babu lokaci, babu lokaci!"

"Haba Baba. Sau ɗaya ya taɓa gaya maka ka yi kuskure. Ka tuna abin da ya biyo baya?"

Ta zaci zai ce ta fita. Ya buɗe baki, tari ya sarƙe shi, ta tashi ta riƙe masa kofin ruwa, ya ture. Da tarin ya lafa sai ta fita zuwa mota ta dawo da rigar aikin Darryl a rungume. Ta warware ta a gabansa.

Ba ta yi masa bayani ba, don ba ya bukata. Mutumin da ya yi shekara hamsin cikin inji kallo ɗaya ya yi wa tsohon manifol ɗin da hudojinsa takwas ya gane abin da ake nufi. Ta dai ƙara da cewa sandar bawul da bututun hayaƙi suna can a akwati, duk na tsohon yayi, kuma Mauro ya yi tayin yin waldar an hana shi.

Lyle ya jawo manifol ɗin kusa. Ya ɗora gaskit a zuciyarsa, ta ga idonsa na tafiya daga ƙofofin manifol zuwa na kan injin, bibbiyu nan, bibbiyu can. Sannan ya sa yatsa a gurbin farko.

"Dubi wannan. Kamar kashin kaji." Ya matsa na biyu. "Wuta ta yi yawa." Na uku ya shafa ya wuce. Na huɗu ya ce, "Ya fara gane hannunsa." A na biyar ya daɗe. Da ya kai na shida sai ya ɗaga ƙarfen da ƙyar zuwa hasken taga, ya juya shi, ya bi layin waldar da farce daga farko har ƙarshe.

"Wannan ni ma ban iya ta ba," ya ce.

Daga nan ya kifa goshinsa a kan manifol ɗin. Raelene ba ta taɓa ganin ubanta yana kuka ba, ko da uwarsu ta rasu, ko a bakin kabarin Darryl. Kukan ba shi da ƙara, don babu numfashin yin ƙara, kafaɗunsa kawai ke girgiza. Yana kiran sunan ɗansa a hankali. Ta zagaya ta dafa bayansa, ta ji ƙasusuwa ta cikin riga. Ba ta ce ya yi haƙuri ba, ta bar shi ya yi.

Da ya ɗago, ya share fuska da hannun rigar Darryl, ya gyara robar hancinsa.

"Saura biyu."

"Biyu, Baba."

"Kin iya alminiyom?"

"Ina taɓawa. Ban kai na shidan nan ba."

"Za ki kai. Ki ce wa wancan mai tumbin ya kawo injin waldarsa gobe da safe, amma kada ya taɓa, ke za ki yi. Ku ajiye ni a bakin ƙofa nesa da wutar, kada tukunyar nan ta tashi da mu duka." Ya numfasa sau biyu, sau uku. "In Allah ya sa na ji ƙararta, to. In ban ji ba, na ga wannan."

Ta fara naɗe manifol ɗin, ya dafe shi da hannu, ya ce ta bar masa shi nan ya kwana. Ta ɗauki jakarta. Har ta kai ƙofar kicin ya kira ta.

"Raelene."

"Na'am, Baba."

Ya tura mata gaskit ɗin a kan tebur da yatsa ɗaya.

"Kafin ki haɗa komai, ki ɗora gaskit. Ni ban ɗora ba."